Sawun da Ke Bayan Hannun Ƙarfe

Sai da aka sauko da yarinyar, motar asibiti ta tafi da ita, sannan aka ga wayar. An yanke ta da wuƙa, can bayan shinge, inda babu mai zuwa sai mu ma'aikata.

Ni ne a kan maɓallai ranar. Sunana Kamilu. Hausawan Sudan ne mu, amma a Masar, a unguwar Hayyin Ashir, na yi wayo. Makaranta tun da wuri na bar ta, ba don kaina ba ya ja ba, zama ne ba na iyawa. Na tuƙa tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, na wanke kwanuka a gidan sayar da abincin koshari, na koyi ɗinki, duk na gudu. Aiki ɗaya ne ya taɓa riƙe ni, shi ne Hannu.

Haka muke kiransa. Wani ƙaton hannun ƙarfe ne ruwan lemo, wanda aka ce a masana'antar motoci ya yi ƙuruciyarsa yana walda. Hajj Abdulbasiɗ, mai filin wasan lilo da ke bakin Madinat Nasr, ya sayo shi, aka ɗaura masa kujeru biyu a tsintsiyar hannu. Sai ya ɗaga mutum sama, ya kifa shi, ya wulwula shi, sannan ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai.

Cikin hutun Ƙaramar Sallah ta 2014, da la'asar, wata yarinya Bamasariya mai suna Rahama ta hau ita da wanta. Suna tsakiyar juyi, Hannu ya ƙame cak. Kafin in kai ga jan maɓalli ya fizga, ya sake ƙamewa, ya sake fizga. Ƙashin kafaɗar yarinyar ya karye. Kukanta har yau yana kunnena.

Issa, mutumin Maraɗi mai kula da motocin karo, ya ce da idonsa ya ga Ya'ƙub ya fito daga bayan shinge riƙe da wuƙa. Ya'ƙub abokina ne, ɗan Funtuwa, yana shekarar ƙarshe a karatun Shari'a, shi ke ɗaura wa masu hawa bel ɗin kujera. Takardar zamansa ta ɗalibi ce, ba ta yarda da aiki ba. In magana ta kai ga 'yan sanda, jirgi za a sa shi, karatun shekaru ya tafi a banza.

Aka tambaye shi, ya ƙi kare kansa. Hajj ya karɓe fasfonsa, ya kulle shi a ɗakin masu gadi. Baban yarinyar ya ce ya ba mu zuwa la'asar ɗin gobe, daga nan zai zo da hukuma.

Kafin magariba na leƙa ta tagar ɗakin.

"Shehi, faɗa mini gaskiya."

"Gaskiyar ita ce yunwa nake ji, ɗan Sudan."

"Kai ka yanke wayar?"

"Ni na yanke."

"Don me?"

Ya dubi yatsun ƙafarsa. "Ka gaishe mini da Inna. Ka ce kada ta wahalar da kanta ta zo."

Inna Bakhita mahaifiyata ce, tana sayar da shayi a ƙofar filin. Tun zuwan Ya'ƙub Masar a tukunyarta yake ci.

A Ashir kowa da tasa. Masu zaman gidan gahawa suka ce karatu ne ya yi masa yawa har ya ga lilo haram ne. Wasu suka ce Issa ne ya ƙulla, don Hannu ya ƙwace masa masu hawa. Ma'aikatan filin kuwa, waɗanda jiya muke cin wake kwano ɗaya, suka fara yi wa duk wani baƙar fata a wurin kallon gefen ido.

* * *

Da sassafe na tafi wajen Kawu Hamad. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, kowa dai Kawu yake ce masa. A Gadarif, can Sudan, ya yi suna wajen bin sawun raƙuma da shanun sata. Yanzu turaren wuta yake sayarwa a wani ɗan shago, gwiwoyinsa sun gaji.

Ya saurare ni har na gama. "Kamilu, a garin nan kowa kan siminti yake tafiya. Mutum zai wuce bai bar komai ba. Me zan bi?"

"Cikin shingen yashi ne, Kawu."

Ya ɗago kai. "An share?"

"An rufe wurin tun jiya."

"Yalla, ɗauko mini sandata. Mu riga rana, in ta miƙe sawu yakan ɓuya."

A gaban Hannu babu abin karantawa, masu ceto sun tattake ko'ina. Kawu bai ko tsaya ba. Ya zagaya baya, wani siririn lungu tsakanin shinge da bango, ya ce kada wanda ya biyo shi. Ya tsuguna da ƙyar, ya kwantar da kunci kusa da ƙasa yana kallon yashin ta gefen da rana ke fitowa. Ya daɗe. Da ya miƙe, sai ya ce a kira masa Issa.

Issa ya zo yana rantse-rantse tun daga nesa. Kawu ya ce ya ɗaga ƙafa, ya dubi ƙasan takalmin.

"Kana yawan shiga lungun nan, ɗana."

"Ni? Wallahi, Kawu..."

"Kada ka rantse. Sawunka na jiya, da na shekaranjiya, da wanda ya girme su, duk suna nan. Ka ji haushin injin nan?"

"Haushi kam na ji. Yara duk sun koma can, ni ina zaune ina korar ƙuda. Amma ban taɓa shi ba."

"Na sani. Sawunka bai taɓa wuce bakin bango ba. Nan kake tsayawa, ka jingina, ka sha tabarka, ka binne guntun da diddige."

Issa ya share gumi. "Kawu, don Allah kada A'i ta ji. Tun bara na ce mata na daina."

"Matarka ta riga ta sani, hanci gare ta. Ka ga Ya'ƙub da wuƙa, kafin yarinyar ta yi kuka ko bayan?"

Issa ya ce, "Bayan... Ai kukan ne ya sa na waiwaya."

* * *

Injiniya Sharif shi ke duba lafiyar Hannu. Muka same shi zaune gaban akwatin da ƙwaƙwalwar injin take, idonsa ja, da gani bai runtsa ba. Shi da Kawu suka gaisa da Larabci, kowa da nasa harshen.

"Bashmuhandis," in ji Kawu, haka Masarawa ke kiran injiniya, "wayar da aka yanke, ta mece ce?"

Sharif ya nuna wasu sanduna biyu a bayan shinge. "Ta ain ce." Ido ke nan da Larabci, haka masu aikin lantarki ke kiran abin. "Wannan sandar tana harba haske, waccan tana karɓa. In wani abu ya gilma tsakani, injin ya tsaya, don kada ya buge mutum. Kawu, tun jiya nake faɗa ba a ji: in an yanke waya, tsayawa zai yi gaba ɗaya, ba zai ƙara motsi ba. Wannan kuwa ya tsaya, ya tashi, ya tsaya. Wani abu ne ya riƙa gilmawa yana komawa."

"Tsuntsu?"

"Na yi tunani. Ko leda. Ban ga komai ba."

"Idon nan, ya saba ba ku wahala?"

"Tun watan jiya. Ƙura na rufe shi. Babu wanda bai ji ni ina ƙorafi ba, kullum ain, ain."

Kawu ya maimaita kalmar a hankali, kamar mai ɗanɗana ta. Sannan ya kama hannuna. "Zo. Ka taka inda na taka."

Muka shiga lungun. Da bakin sanda ya riƙa nuna mini.

"Wannan abokinka ne. Da gudu ya shigo, ka ga yatsu sun nutse, ba diddige. Da gudu ya fita. Sawunsa na kan na kowa, shi ne na ƙarshe. Yanzu dubi abin da ya taka."

Da farko ban ga komai ba. Sai a hankali siffar ta fito.

"Mace ce, ba yarinya ba. Jiya da safe ta shigo, raɓa ba ta gama bushewa ba. Ga inda ta tuɓe silifas, ta jera su gefe da gefe kamar a ƙofar masallaci. Ɓarawo ba ya tuɓe takalmi ya jera, Kamilu. Ta ƙarasa ba takalmi. Tana karkata hagu, irin ta wanda ya shekara yana ɗaukar abu mai nauyi da dama. Nan gindin sandar ta yi ɗage a kan yatsu, ta daɗe, tana ɗaura wani abu a sama. Sannan ta tsaya ƙafa a haɗe, ta fuskanci alƙibla."

Ya miƙa hannu ya zaro wani ɗan guntun zare daga jikin yankakkiyar wayar. Jan zare ne da aka murɗa da hannu.

Ni ban kalli zaren ba. Diddigen dama nake kallo, da wata tsaga da ta ratsa shi a karkace. Na san tsagar nan. Duk yamma ni ke shafa mata man riɗi.

Na dafa bango.

Kawu bai dube ni ba. "Ni sawu nake bi, ba na ɗaure kowa. In ka ce ban ga komai ba, tsoho ne ni, ido ya yi rauni. Amma abokinka zai hau jirgi."

Na ce, "Mu je gida, Kawu."

* * *

Mun tarar da Inna tana soya kofi a kasko, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Ta yi murna da ganin Kawu, ta shimfiɗa masa darduma, ta aike ni in ɗauko sukari. Ina bakin ƙofar kicin na ji ta rage murya.

"Malam Hamad, kai babba ne, zan gaya maka, Kamilu dariya zai yi mini. Allah ne ya sa na rataya layar nan jiya. Da ban rataya ba, da yarinyar nan gawarta za a sauko da ita."

"Wace laya, Uwar Kamilu?"

"Ta mahaifiyata, tun daga Mai Wurno, can Sudan. Ita na ɗaura wa Kamilu yana jinjiri. Injin nan ido ne ya kama shi, mutane sun yi ta yaba shi ba sa cewa masha Allah. Ba ni na faɗa ba, injiniyan da kansa. Kullum na kai masa shayi yana cewa ain ta hana shi sakat. Na ce masa ina ain ɗin take, ya nuna mini daidai wurin da ta kama. Ka ga mai ilimin boko ma ya yarda."

Kawu ya karɓi ɗan kofin shayin da ta miƙa masa, ya riƙe bai sha ba. Ban taɓa jin murya mai taushi irin wadda ya yi mata magana da ita ba. Ya gaya mata mene ne ain a bakin masu lantarki. Ya gaya mata yadda haske ke tafiya tsakanin sandunan. Ya ce da safe babu iska, layar na rataye shiru; da la'asar iska ta taso, ta riƙa kaɗa ta ta gaban hasken.

Inna ta ajiye cokali. Kofin da ke kasko ya fara ƙonewa, ba ta ji ba, sai da na zo na sauke.

"Ni ce?"

Ta dubi Kawu, ta dube ni.

"Ni na karya 'yar mutane?" Ta dubi tafin hannunta. "To Ya'ƙub fa? Me ya kai shi?"

"Ya gane layar," in ji Kawu. "Ya je ya cire ta kafin wani ya gani. Zaren ya naɗe da waya, yana sauri, ya haɗa ya yanke."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta. Na ce za mu san abin faɗa, ba sai an ambaci sunanta ba.

Ta buɗe fuska. "Ɗan mutane ya kwana a kulle saboda ni, kana cewa za ku san abin faɗa? Miƙo mini takalmina."

* * *

Da la'asar kowa ya hallara a gaban Hannu: Hajj Abdulbasiɗ, baban Rahama da jajayen idanu, Sharif, Issa, masu gadi. Aka fito da Ya'ƙub. Da ya hango Inna sai ya harare ni.

"Na ce maka kada ta zo, ɗan Sudan."

"Ka taɓa ganin wanda ya hana ta?"

Kawu ya jingina da sandarsa, ya ba da labarin yashin daki-daki: wanda ya tsaya a bango, wanda ya shigo da gudu bayan abin ya faru, da wadda ta riga su duka. Bai faɗi suna ba. Inna ce ta matso gaba.

"Sawuna ne," ta ce da Larabcinta na Sudan. "Ya'ƙub, ba ni kayana."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Ya'ƙub."

Ya sunkuya ya zaro ta daga cikin safa. 'Yar laya ce ta baƙar fata, ba ta kai kwalin ashana ba.

Sharif ya karɓa da hannu biyu. Ya haɗa wayar, ya rataya layar inda take, ya ce in kunna, kujeru babu kowa. Hannu ya tashi, ya fara juyi. Iska ta kaɗa. Ya ƙame, ya fizga, ya ƙame, kujerun suna kakkarwa. Na danna jan maɓalli.

Baban Rahama ya yi kan Inna. "Ke! Kin san abin da kika yi?"

"Yau na sani, ɗana. Jiya ban sani ba. Ka kai ni inda za ka kai ni, ka saki yaron nan." Ta nuna ni. "Ɗana ne ke tsayawa ƙarƙashin ƙarfen nan tun safe har dare. Bai taɓa zama a wani aiki ba sai wannan. Abokansa duk sun bi jirgin ruwa daga Iskandariya don ƙetare teku, wasu an ji labarinsu, wasu ba a ji ba. Na ce in injin nan ya lalace, shi ma tafiya zai yi. Na so in tsare injin ne."

Ban san ta san ina wannan tunanin ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Sharif ya shiga tsakaninsu. "Ustaz, ka ji nawa. Ni na nuna mata wurin, ina dariya, ban tambaye ta abin da ta fahimta ba. Wannan ɗaya. Na biyu ya fi. Manhajar da ke tuƙa injin nan don ƙofofin mota aka rubuta ta. Ta san tsayawa nan take, ƙofar mota ba ta da wuya, ba ta da kafaɗa. Kuma da ƙura ta riƙa tsayar da shi, masu hawa suna ƙorafi, sai aka gyara ta ta riƙa tashi da kanta da zarar haske ya dawo. Da sanina aka yi. Jiya laya ce, gobe tattabara ce ko ledar biskit. Abin da guntun fata zai sa ya karya yaro bai kamata a ɗora masa yaro ba."

"Bashmuhandis!" Hajj ya daka masa tsawa.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj. Ba zan ƙara kunna shi da mutum a kai ba."

Baban Rahama ya tsaya yana kallon layar tana lilo. Da ya yi magana, muryar ta sauka.

"Uwata ma ta maƙala wa Rahama shuɗin dutse a riga, ran suna. Saboda ain." Ya murza idanunsa. Ya juya ga Hajj. "Ba zan kai tsohuwa ofishin 'yan sanda ba. Amma in na ƙara jin ƙarfen nan ya ɗauki ɗan wani, kai zan kai. Ba yaron nan fasfonsa."

Hajj ya yi ta huci, ya dubi Sharif, ya dubi Hannu. Sannan ya laluba aljihun jallabiyarsa, ya ciro fasfon.

* * *

Asibiti muka nufa, Inna ta ce ba za ta kwana ba ta ga yarinyar ba. Kawu ya ce shi gwiwoyinsa sun gama aikin yau, muka sa shi a motar Ashir. A mikrobas, ƙaramar motar haya, Inna ta zauna tsakaninmu. Sai da muka yi nisa, sannan ta kai wa Ya'ƙub duka a cinya.

"Mara hankali. Da ka bari an kore ka, me zan gaya wa uwarka?"

"Inna, ai na san ɗan Sudan ba zai iya zama wuri ɗaya ba. Dole ya je ya tono wani abu."

"Da bai tono ba fa?"

Ya dubi taga. "Da ba ki taɓa sani ba. Shi ke nan abin da na so."

Ta kama kansa ta jawo shi kafaɗarta, ƙato da gemu, mutane na kallo. Da ɗaya hannun ta riƙe rigata gam, ba ta dube ni ba.

"Kai kuma aikin ya ƙare," ta ce.

"Ya ƙare, Inna."

"To?"

"Injiniya ya ce yana neman wanda zai koya wa haɗa waya. Zan gwada. Ban ce zan iya zama ba."

"Ban ce ka zauna ba. Na ce kada ka hau ruwa."

"Ba zan hau ba."

A ƙofar ɗakin marasa lafiya Inna ta ja ta tsaya. Muna hango Rahama a kan gado, an naɗe mata kafaɗa, uwarta na ba ta ruwan rake da tsinke. Baban ya riga mu isowa, da alama ya faɗa musu komai, don matar ta ɗago ta zuba wa Inna ido.

Ya'ƙub ya gyara hularsa, ya shiga gaba ya yi sallama. Matar ta dubi 'yarta, ta sake duban tsohuwar da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai ta janye jakarta daga kan kujera.

"Shigo, ya Hajja," ta ce. "Kin sha hanya."